Gahawa da safe, sushi da dare: zuwa uku a sabon shagon unguwarmu

Kusan wata uku na yi ina wucewa ta gaban shagon da ke kan kwanar layinmu, ina jin ƙarar guduma da zarto daga bayan ledar da aka rufe ƙofarsa da ita, ba tare da na san abin da ake shirin buɗewa a ciki ba. Ranar da aka kafa allon suna sai da na tsaya na karanta shi sau biyu, domin abubuwa biyu aka rubuta a kansa waɗanda ban taɓa zaton za su zauna a inuwa ɗaya ba, wato gahawa da sushi, abincin Japan na shinkafa da ake yawan ɗora wa kifi. Abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne cewa taura biyu ba ta taunuwa. Haɗa gahawa mai kyau sana'a ce da ke cinye hankalin mai yin ta, sushi kuwa ya fi ta neman natsuwa, saboda haka na ɗauka cewa mai shagon ya kasa tsayar da shawara ne, ya haɗa biyun domin in ɗaya ya faɗi ɗayan ya tallafe shi. Da wannan zargin na shiga, kuma sai da na je sau uku a lokuta daban-daban kafin na yarda in rubuta wani abu, domin ba adalci ba ne a yanke wa sabon gidan abinci hukunci da zama ɗaya.

Zuwana na farko da safe ne, kwana huɗu bayan an buɗe. Wurin ba shi da girma. Akwai tebura shida a ɓangaren da ke kallon titi, injin gahawa yana dab da ƙofa, sai wata doguwar kanta ta farin katako a can ciki mai kujeru takwas, wadda a lokacin an lulluɓe ta da ƙyalle tun da ba a fara aikin kifi ba. Na nemi gahawar da ake tacewa da hannu, irin wadda ake zuba wa ruwan zafi sannu a hankali ta cikin mazurari mai takardar tacewa, kuma yarinyar da ta haɗa mini ta yi abin da ya kamata: ta auna ƙwayoyin a kan sikeli, ta niƙa su a gabana, ta ɗan jiƙa garin ta bar shi ya kumbura kafin ta ci gaba da zubawa. Gahawar ta fito da ɗan tsami mai daɗi, ba ta ƙone ba, ba ta kuma yi salam ba. Ina sha ina kallon mazurarin, sai na lura cewa samfurin V60 ne na kamfanin Hario, wanda na Japan ne, kuma nan zargina ya fara raguwa. Mutane da yawa shayi kawai suke haɗawa da sunan Japan, alhali tun a 1888 aka buɗe gidan gahawa a Tokyo, kuma ƙananan shagunan da suke kira kissaten sun daɗe da shahara wajen tace gahawa kofi ɗaya-ɗaya cikin haƙuri. Ashe haɗin da na yi wa kallon kwaɗayin kasuwa yana da dangantakar da ban yi la'akari da ita ba.

Gahawa dai ba ita ta kawo ni ba. Bayan mako guda na koma da daddare tare da yayana, mutumin da ya sha alwashin cewa ɗanyen kifi ba zai taɓa shiga bakinsa ba, wanda kuma ya biyo ni ne kawai saboda na yi masa alkawarin akwai dafaffen abinci. Mun samu kujeru biyu a kanta, a gaban mai haɗa sushin, wanda a Japan ake ce wa itamae, ma'ana wanda ke tsaye a gaban katakon yanka. Dattijo ne mai ƙarancin magana, hannunsa kullum a jiƙe, yana goge wuƙarsa da ɗanyen tsumma bayan kowane yanka. Ya tambaye mu ko akwai abin da ba ma ci, Yaya ya ce masa ai duk abin da ke cikin gilashin nan ba ya ci, dattijon ya yi murmushi ya ce, "To Malam, bari mu fara da shinkafa, in ta yi maka sai mu yi maganar sauran."

Wannan amsar ce ta sa na gyara zama, domin wanda ya san sushi ya san cewa shinkafar ce asalin abin. Da yawa suna ɗauka kalmar sushi tana nufin ɗanyen kifi, amma ɗanyen kifin da aka yanka aka ajiye shi kaɗai sunansa sashimi. Sushi kuwa shinkafa ce da aka gauraya da ruwan kal da sukari da gishiri, ko da me aka ɗora mata, ko kifi ne ko ƙwai ko kokwamba. Irin shinkafar ma daban take. Gajeriyar ƙwaya ce mai ɗan danƙo, ana wanke ta sau da yawa har ruwan ya washe, a dafa ta da ruwa kaɗan, a juye ta da zafinta cikin wani faffaɗan akushin katako, a zuba ruwan kal ɗin ana yanka ta da ludayi a kaikaice kamar mai yanka da wuƙa, ana yi mata fifita don tururin ya fita ta yi sheƙi. In aka juya ta da ƙarfi ƙwayoyin za su farfashe ta dame, in aka bar ta ta huce ƙwarai za ta yi tauri. Masu sana'ar suna son ta isa bakin mai ci da ɗumi kamar na jikin mutum. Akwai wata magana da suke yi a Japan cewa shekara uku ake yi ana koyon dafa shinkafa, shekara takwas ana koyon dunƙula ta, kuma ko da akwai zuzutawa a ciki, maganar tana nuna inda suka ajiye nauyin sana'ar.

Dattijon ya tsoma yatsu a ruwa, ya tafa hannu sau ɗaya, ya ɗebo shinkafa daidai loma, ya matsa ta sau biyu ko uku a tafin hannunsa, ya ɗora mata yankan soyayyen ƙwai mai zaƙi-zaƙi, ya ajiye a gaban Yaya. Ni kuma ya ba ni irin wannan dunƙulen da yankan farin kifi a kai. Wannan shi ake kira nigiri. Da na ɗauka da yatsu, abin da ba laifi ba ne ko a Japan, dunƙulen ya riƙe kansa bai warwatse ba, amma da ya hau harshe sai ya saki, kowace ƙwaya ta rabu da 'yar'uwarta, ɗumin shinkafar ya haɗu da sanyin kifin, tsamin ya zo a ƙarshe a hankali. Abin da ke bambanta hannun gwani da na ɗan koyo ke nan, a bar iska a tsakanin ƙwayoyin. Ɗan koyo yana matsewa har ta zama curi saboda tsoron kada ta zube a hanya. Tun daga wannan lomar na san cewa mutumin nan ba jiya ya fara ba, kuma duk abin da ya biyo baya a daren ina auna shi ne da ita.

Na daɗe ina jin mutane suna cewa sushi abincin manya ne, na wurare masu tsada inda ake magana ƙasa-ƙasa, saboda haka bai dace da shagon unguwa ba. Tarihinsa bai goyi bayan wannan ba. Asalinsa dabara ce ta adana kifi da ta fito daga yankunan noman shinkafa na kudu maso gabashin Asiya: a yi wa kifi gishiri, a cusa shi cikin dafaffiyar shinkafa, a danne da dutse na tsawon watanni har shinkafar ta yi tsami, sannan a zubar da ita a ci kifin. Har yau ana yin irinsa a gefen tafkin Biwa da ke lardin Shiga, sunansa funazushi, kuma warinsa kan kori wanda bai saba ba. Sannu a hankali aka riƙa gajarta lokacin jira ana cin shinkafar tare da kifin, har aka zo zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, inda aka gane cewa ruwan kal zai kawo tsamin nan take ba sai an jira watanni ba. Nigirin da muka sani yau ana danganta shi da wani mai suna Hanaya Yohei, wanda ya yi sana'arsa a birnin Edo, wato Tokyo ta yanzu, a shekarun 1820. A rumfunan bakin titi ake sayar da shi ga ma'aikata masu sauri, a tsaye ake ci, da hannu, kuma kowane dunƙule ya ninka na yanzu girma. Girgizar ƙasar da ta rusa Tokyo a 1923 ta warwatsa masu sana'ar zuwa wasu garuruwa, suka tafi da salonsu. Idan aka duba wannan, ƙaramar kanta mai kujeru takwas a kan kwanar layi ta fi kusa da inda abin ya faro fiye da ɗakin da sai an yi wata guda ana jiran kujera.

Yaya ya cinye ƙwan, ya ci na dafaffen jatan lande, ya ci na unagi, wani dogon kifi mai siffar maciji da ake gasawa a shafe shi da romo mai zaƙi, sannan ya fara leƙen farantina. Ni kuwa dattijon yana ba ni ɗaya bayan ɗaya bisa tsarin da aka saba, daga mai sauƙin ɗanɗano zuwa mai ƙarfi, domin in aka fara da kifi mai maiƙo harshe ba zai ƙara jin na farin kifi ba. Wanda ya fi burge ni shi ne saba, kifi mai shuɗin baya wanda ke saurin lalacewa, shi ya sa ake jiƙa shi da gishiri sannan da ruwan kal kafin a yanka. A nan ake gane wanda ya san aiki, saboda in gishirin ya gaza ƙarni zai taso, in ruwan kal ya yi yawa naman zai yi fari ya bushe kamar an dafa shi. Nasa ya tsaya a tsakiya, gefen ya yi fari-fari, cikin yana nan da ruwan hoda. Ya kuma ba ni jan naman kifin tuna wanda aka ɗan jiƙa a shoyu, wato baƙin romon waken soya mai gishiri, dabarar da ita ma ta samo asali tun zamanin da babu firji. Abin dariya shi ne a wancan zamanin tumbin kifin tuna mai kitse, wanda yau ake kira toro ake kuma rububinsa, zubar da shi ake yi don ba ya jure ajiya. A watan Janairun 2019 kuwa an sayi kifin tuna ɗaya mai nauyin kilo 278 a kan kuɗin Japan yen miliyan 333.6 a gwanjon sabuwar shekara na kasuwar Toyosu da ke Tokyo. Shagon unguwarmu ba ya sayar da toro, kuma na ga hikimar hakan, domin gara a tsaya kan abin da za a iya samowa da kyau a kuma sayar kafin ya kwana.

Da aka zo kan kifin samon ne Yaya ya yi tambayar da ke cin ransa tun shigowarmu. Ya ce, "Baba, don Allah ba ka tsoron tsutsa a ɗanyen kifi?" Dattijon bai ji haushi ba. Ya ce tambaya ce da ya kamata kowa ya yi, ya kuma bayyana cewa duk kifin da zai ba mutum ɗanye sai ya kwana a firiza mai tsananin sanyi, in ban da wanda aka kiwata a gona da abincin da ba ya ɗauke da tsutsa. Gaskiya ya faɗa. Tsutsar da ake tsoro, wadda ake kira anisakis, gishiri ba ya kashe ta, ruwan kal ba ya kashe ta, wasabi, wato koren yajin da ake ci da sushi, ma haka, sai wuta ko daskarewa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a ajiye irin wannan kifi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na kwana 7, ko digiri 35 ƙasa da sifiri na awa 15, a Tarayyar Turai kuma doka ta ce aƙalla awa 24 a digiri 20 ƙasa da sifiri. Saboda haka wanda ya ce maka kifinsa bai taɓa ganin firiza ba, ba lallai ne alheri yake gaya maka ba. Daskarewa dai ba ta kashe ƙwayoyin cuta, wannan aikin tsafta ne da riƙe sanyi tun daga jirgin ruwa har zuwa kanta, shi ya sa likitoci ke shawartar masu juna biyu da ƙananan yara da masu raunin garkuwar jiki su tsaya kan dafaffe.

Shi kansa samon baƙo ne a cikin sushi. Mutanen Japan sun daɗe ba sa cin sa ɗanye saboda wanda suke kamawa a tekun Fasifik yana ɗauke da tsutsa. 'Yan Norway ne, da kifin gonarsu ya yi musu yawa, suka ƙaddamar da wani shiri a tsakiyar shekarun 1980 don shawo kan kasuwar Japan, kuma sai da aka shiga shekarun 1990 kafin abin ya karɓu. Yau yana cikin waɗanda aka fi nema a ko'ina, musamman ga masu farawa, don yana da laushi da maiƙo kuma ba shi da ƙarni. Da shi Yaya ya karya alwashinsa. Ya riƙe dunƙulen ya daɗe yana kallo, ya jefa a baki gaba ɗaya, ya tauna shiru, sannan ya ce shi dai bai ji komai ba sai daɗin shinkafa. Bayan minti biyar ya nemi a ƙara masa.

Akwai wani ƙaramin abu da ya ƙara wa dattijon daraja a idona. Na nuna koren yajin da ke gefen faranti na tambaye shi ko wasabi ne na gaske, ya ce a'a kai tsaye, ba tare da kwana-kwana ba. Wasabi na ainihi tsiro ne mai wuyar sha'ani da ke son ruwan sanyi mai gudu a cikin duwatsu, ana noma shi a lardunan Shizuoka da Nagano, yana ɗaukar fiye da shekara kafin ya isa cira, ana goga shi a kan fatar kifin shak, kuma cikin kamar minti 15 ƙamshinsa ya fara gudu. Abin da ake bayarwa a mafi yawan gidajen sushi na duniya haɗi ne na wata saiwa mai yaji da ake kira hosradish, da mastad, da koren launi. Ba laifi ba ne a ba da shi, laifin shi ne a yi ƙarya a kansa. Ya kuma roƙe mu kada mu dama shi cikin shoyu, domin ya riga ya shafa daidai gwargwado tsakanin kifin da shinkafar, kuma in za mu tsoma, mu kifa dunƙulen kifin ya taɓa romon, don in shinkafar ce ta shiga za ta shanye gishiri ta wargaje. Yankakkiyar cittar da aka jiƙa, wadda suke kira gari, tsakanin loma da loma ake cin ta don a wanke baki, ba ɗora ta ake yi a kan kifi ba. Na tambaye shi kuma game da mirin, wani ruwa mai zaƙi da ake yi da shinkafa wanda ke ɗauke da giya kusan kashi 14 cikin ɗari, wanda kan shiga romon unagi da haɗin ƙwai. Ya ce shi da sukari yake maye gurbinsa, amma duk mai guje wa giya ya riƙa tambaya a duk inda ya je, haka ma wanda alkama ke cutar da shi, tun da yawancin shoyu da alkama ake yin sa.

Ba duk abin da muka ci ne ya kai wannan matsayi ba. Takardar jerin abincin ta yi tsawo fiye da ƙarfin ɗakin girkin, kuma rabinta naɗaɗɗen sushi ne mai sunaye masu ƙyalƙyali, wanda ake cusa wa cuku da soyayyen abu a kwarara masa miya kala biyu ko uku. Ba ni da ƙiyayya da sabon salo. Naɗin Kalifoniya, mai fiya da kokwamba da naman kaguwa, wanda aka juya shinkafar ta koma waje don a ɓoye baƙin ganyen teku daga idon waɗanda ba su saba ba, a Arewacin Amurka aka ƙirƙiro shi, kuma shi ya buɗe wa miliyoyin mutane ƙofar sushi. Amma wanda muka gwada a nan, mai ɗauke da abubuwa bakwai, ba a jin ɗanɗanon ko ɗaya a cikinsu, kuma shinkafar da aka sha wahala a kanta ta nutse a ƙarƙashin miya. Na lura ba dattijon ne ke naɗa su ba, wani matashi ne a bayansa, kuma na fahimci cewa irin waɗannan ne ke kawo ciniki. Duk da haka da za a rage su zuwa uku ko huɗu da an fi yi musu adalci.

Naɗin da ya wanke mini rai shi ne mafi sauƙi a cikinsu, kokwamba kawai da shinkafa a cikin nori, wato busasshen ganyen teku mai kama da baƙar takarda. Dattijon ya ɗan gasa ganyen a kan wuta, ya naɗe, ya miƙo mini hannu da hannu ya ce in ci yanzu-yanzu, domin nori da ya taɓa ɗumin shinkafa cikin minti ɗaya yake yin laushi. Ya karye a haƙorina da ƙara, ƙamshin teku ya cika mini hanci. Duk lokacin da na ci nori nakan tuna cewa wata masaniyar tsirrai 'yar Ingila, Kathleen Drew-Baker ta Jami'ar Manchesta, ita ce a 1949 ta gano wani mataki na rayuwar wannan tsiro da yake ɓuya a cikin ɓawon dodon koɗin teku, kuma bincikenta ne ya ba manoman Japan damar shuka shi da tabbaci bayan shekarun da amfanin ya lalace. Ba ta taɓa taka ƙasar ba, amma har yau ana tunawa da ita kowace ranar 14 ga Afrilu a garin Uto da ke lardin Kumamoto. Miyar miso, wadda ake yi da tsimammen waken soya, da aka kawo daga baya tana da kyau, romon yana da zurfin nan da ake kira umami, wanda Kikunae Ikeda ya gano tushensa a 1908 a cikin ganyen teku na kombu, sai dai ta iso da ɗumi-ɗumi maimakon zafi.

A daidai nan ne taurar ta biyu ta tokare mini haƙori. Muna tsakiyar cin farin kifi mai laushin ɗanɗano, wani ya shigo daga titi ya nemi gahawa, aka kunna injin niƙa, ƙara ta cika ɗakin, ƙamshin gasasshiyar gahawa ya taso ya rufe komai. Da safe wannan ƙamshin ne ya sa na ji daɗin wurin, amma da dare ya zama kutse. Babban kaso na abin da muke kira ɗanɗano ta hanci yake shiga, shi ya sa wasu manyan gidajen sushi a Japan ke roƙon baƙi kada su shafa turare mai ƙarfi. Lomar da ke hannuna a lokacin ta tafi a banza, gahawa kawai na ji. Abin shan da ya dace da sushi shi ne koren shayi mai zafi sosai, wanda suke kira agari, don yana narkar da maiƙon kifi daga harshe, kuma shagon yana ba da shi, amma ba wanda ya gaya mana sai da na tambaya. Matsalar ba ta da wuyar magani. Ko dai a niƙa gahawar dare tun kafin a buɗe kanta, ko a sa wani shamaki tsakanin ɓangarorin biyu, ko a yi ƙarfin hali a kashe injin da zarar an yaye ƙyallen kanta.

Zuwana na uku da rana ne a tsakiyar mako, ni kaɗai, ina sauri, domin ina son in ga yadda wurin yake ga mutumin da ya fito cin abincin rana ba don biki ba. Teburan gahawa sun cika da masu kwamfuta, wasu da alama tun safe suke zaune kan kofi ɗaya, ma'aikaciya ɗaya ce ke karɓar oda tana haɗa gahawa tana kuma kwashe kwanuka, saboda haka sai da na yi kusan minti 20 kafin a kula ni. Dattijon ba ya nan, kuma abin da ake sayarwa sushi ne da aka riga aka shirya cikin ƙananan akwatuna aka jera a firji. Kifin ba shi da laifi, amma shinkafar ta mutu. Sanyin firji yana sa dafaffiyar shinkafa ta yi tauri ta bushe, tsaminta ya dushe, ƙwayoyin da suka saki a bakina ranar nan yanzu sun manne sun zama dunƙule mai sanyi da sai an tauna da ƙarfi. Na san dole ne a sanyaya ɗanyen kifi, ba ina cewa a bar shi a waje ba, amma wanda ya fara sanin shagon ta wannan akwatin zai tafi da labarin da bai dace da hannun da na gani da dare ba.

Ina shirin fita sai ga dattijon ya shigo da kwandon kaya a hannu. Ya gane ni, muka gaisa, ya tambayi Yaya, sannan ya kalli akwatin da na bari da saura ya girgiza kai tun kafin in buɗe baki. Na gaya masa abin da na ji game da shinkafar da kuma injin niƙa. Ya ce maganar akwatin ya sha faɗa wa mai shagon, kuma shawarar da suke dubawa ita ce da rana a riƙa zuba shinkafa mai ɗumi a kwano a jera kifin a kai lokacin da mutum ya nema, salon da ake kira chirashi, wanda ba ya buƙatar gwanin dunƙulawa. Maganar inji kuwa ya ce ba hurumin sa ba ne, amma kujera ta ƙarshe a kanta, wadda ke jikin bango, ita ce mafi nisa da shi. Ya ƙara da cewa ranar Talata da Juma'a kifi ke iso musu, kuma saba ya fi daɗi washegarin ranar da aka jiƙa shi.

Na sa an rubuta mini kujeru biyu na jikin bango don daren Laraba mai zuwa. Da na kira Yaya na gaya masa, sai ya ce shi har yanzu yana nan kan bakansa cewa ba ya cin ɗanyen kifi, amma in tambayi Baba ko zai ajiye masa samon guda huɗu, da ɗaya daga cikin mai shuɗin bayan nan da ya ga na ci.